Alanis Obomsawin ta ɗauki ɓangare, kuma na fi yarda da ita

Duk wanda ya taɓa zama a silima ana haska fim ɗin kaboyi ya san yadda ake yi. Bature na kan doki da bindiga a ƙugu, mutanen da muke kira "Indiyawan daji" na gangarowa daga kan dutse suna ihu, in an harbo ɗaya sai 'yan kallo su ɗauki tafi. Ba mu taɓa tambayar ƙasar wa ake faɗa a kanta ba. Mu da Turawa suka ci da yaƙi, sai ga mu muna yi wa mai cin ƙasa kirari.

Masu ɗaukar hoto ma ba su kyauta wa mutanen nan ba, har da waɗanda ke ganin ƙaunarsu suke yi. Edward Curtis, Ba'amurken da ya fitar da mujalladi 20 na hotunansu tsakanin 1907 da 1930, ya taɓa ɗaukar hoto a cikin tantin 'yan ƙabilar Piegan. Akwai agogo ajiye a tsakanin maza biyun da ke zaune. Kafin a buga hoton sai ya goge shi, domin agogo na ɓata masa labarin da ya zo da shi, na mutanen da zamani ya bari a baya.

Shekara biyu bayan Curtis ya kammala, a 1932, aka haifi Alanis Obomsawin, 'yar ƙabilar Abenaki. Ta taso a Odanak da ke lardin Kebek na Kanada, daga baya iyayenta suka koma garin Trois-Rivières, inda ta sha duka da zagi a makaranta saboda asalinta. Da waƙa ta fara. Abin da ya kai ta harkar fim ma ba fim ba ne: kogin garinsu ya gurɓace, yara ba su da wurin iyo, sai ta shiga yawon waƙa tana tara kuɗin gina musu. Wannan ya sa gidan talabijin ya yi shiri a kanta, Hukumar Finafinai ta Kanada ta gani, ta ɗauke ta aikin ba da shawara a 1967. Daga nan ta yi finafinan gaskiya, irin waɗanda ba a shirya wasa a cikinsu, fiye da 50.

Sukar da aka fi yi wa irin aikinta ita ce ba ta tsaya tsakani ba. Gaskiya ne, ba ta tsaya ba. Hukumar garin Oka da ke lardin Kebek ta amince a faɗaɗa filin wasan golf daga rami tara zuwa 18, ya ci wani kurmi da ke dab da maƙabartar 'yan Mohawk na Kanehsatake. A 1990 'yan Mohawk suka tare hanya. Ranar 11 ga Yuli 'yan sandan lardin suka far musu, aka yi musayar wuta, kofur Marcel Lemay ya mutu. Aka kawo soja, aka yi kwana 78 ana kallon-kallo ta tsakanin waya mai ƙaya. Galibin abin da duniya ta gani daga bayan soja aka ɗauko shi: mutane da bindiga, fuska a rufe. Ita kuwa Obomsawin ciki ta shiga ta zauna. Fim ɗin da ta fitar a 1993, Kanehsatake: 270 Years of Resistance, ya koma har 1717, lokacin da sarkin Faransa ya mallaka wa wata ƙungiyar limaman Katolika ƙasar ba tare da an tambayi masu ita ba. Idan ka fara labarin daga ranar da aka harbi ɗan sanda, ka samu 'yan tada ƙayar baya. Idan ka fara daga 1717, ka samu masu ƙasa da haƙurinsu ya ƙare. Zaɓen ranar farawa shi ma ɗaukar ɓangare ne, sai dai gidajen labarai ba sa amsa sunan.

Abin da zan tambayi mai fim shi ne, ya yi ƙarya? Ya hana abokin hamayya magana? A fim ɗinta na 1984 kan samamen da 'yan sandan Kebek suka kai wa 'yan Mi'kmaq na Restigouche a 1981 saboda kamun kifi, ta zaunar da ministan da abin ke hannunsa, Lucien Lessard, ta bar shi ya kare kansa. Sannan ta ƙure shi da tambaya: ta yaya gwamnatin da ke neman wa Kebek 'yancin kai za ta hana wa waɗanda ta tarar a ƙasar nasu? Ba a yanke masa magana ba, amsar ce ta yi masa wuya.

Akwai kuma wani kuskure da masu yabonta kan yi, su ce ai 'yar gida ce, shi ya sa. Jini na buɗe ƙofa, amma ba ya yin aikin. Ita Ba'abenakiya ce; a wurin Mohawk da Mi'kmaq da Cree baƙuwa ce, harshensu daban, tarihinsu daban. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda take shiga gari. Ba ta fara zuwa da kyamara. Rakoda take ɗauka ta zauna da mutum, ta yi ta saurare, sai ta fahimci labarin sannan a kawo fitilu da masu ɗauka. Duk wanda ya ga yadda dattijo kan canza murya da zarar an saita masa kyamara, ya gyara hula ya koma yin jawabi, ya san amfanin wannan. Fim ɗinta na farko ma, na 1971, babu komai a cikinsa sai zane-zanen yaran Cree na wata makarantar kwana a Moose Factory da muryoyinsu suna bayani.

Inda nake da ɗar-ɗar shi ne batun albashi. Hukumar da take wa aiki ta gwamnatin tarayya ce, wato gwamnatin da ta aika soja Oka ita ce ta biya kuɗin fim ɗin da ya tona mata asiri. Wasu na ganin wannan abin alfahari ne ga Kanada. Ni ina ganin akwai sauƙi ga gwamnati a ciki: ta ɗauki nauyin sukar, ta karɓi yabon haƙuri da suka, batun ƙasar kuma ya ci gaba da jan ƙafa. An fasa faɗaɗa filin golf, amma rigimar mallakar ƙasar Kanehsatake ba ta mutu da janyewar soja ba. Fim ba ya mayar da gona.

Sai dai yana hana a musanta. Ranar 26 ga Satumba, 1990, da waɗanda aka yi wa ƙawanya suka fito, wani soja ya soki wata yarinya 'yar shekara 14, Waneek Horn-Miller, da banati a ƙirji, tana riƙe da ƙanwarta ƙarama. Ta rayu. Bayan shekara goma tana cikin kyaftin biyu na tawagar matan Kanada ta ƙwallon ruwa a gasar Olamfik ta Sydney. Hargitsin wannan yammaci, da ihun mata da yara a tsakanin sojoji, yana cikin fim ɗin Obomsawin. Gidan talabijin na gwamnatin Kanada ya yi ta jan jiki kafin ya nuna shi, har sai da wata tasha a Ingila ta riga shi.