Challenger: injiniyoyi sun ce a dakata, manya suka ce a harba

Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tashi daga Florida a Amurka, daƙiƙa 73 kacal ya yi a sama ya tarwatse, mutum 7 suka mutu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe da yara suka zuba wa ido a talabijin. Wasu na kiran abin tsautsayi, ni kam ban yarda ba, don tun ana gobe za a harba injiniyoyi suka gargaɗi manyansu.

Matsalar wani zoben roba ne da ke toshe mahaɗar rokokin da ke cilla kumbon, in sanyi ya kama shi sai ya sandare ya kasa riƙe wuta. Roger Boisjoly, injiniya a kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin, tun Yulin 1985 ya rubuta wa ogoginsa cewa abin nan zai iya cin rai. Daren 27 ga wata aka yi taro ta waya da mutanen NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, injiniyoyi suka ce kar a harba in sanyi ya yi ƙasa da kusan digiri 12 a ma'aunin Celsius, ga shi kuma safiyar da aka harba wajen digiri 2 ne. Lawrence Mulloy na NASA ya harzuƙa, wai so kuke sai Afrilu zan harba?

Nan ne abin ke min ciwo wallahi. Ai wanda ke son a tashi shi ya kamata ya kawo hujjar cewa ba haɗari, amma sai aka juya, aka ce masu gargaɗi su tabbatar lallai zai fashe, to wa ke da wannan tabbacin? An riga an sha ɗage ranar, kamfani kuma na tsoron kwangilarsa, sai manajojin kamfanin huɗu suka keɓe, aka ce wa ɗayansu Bob Lund, shugaban injiniyoyi, ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, suka amince. Allan McDonald, wakilin kamfanin a wurin harbawa, ya ƙi sa hannu, aka tsallake shi.

Da kwamitin Rogers da aka kafa don binciken haɗarin ya zauna, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara gaban jama'a, kowa ya ga ta ƙi komawa daidai. McDonald da Boisjoly da suka faɗa wa kwamitin gaskiya kuwa, kamfanin gefe ya tura su a wajen aiki.