Janet Rowley da Yadda Ake Auna Malamin Bincike

Ana yawan auna malamin bincike da tulin maƙalunsa da kuma lambar h-index, wato awon da Jorge Hirsch ya ɓullo da shi a 2005. Lissafin mai sauƙi ne: idan mutum yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40, lambarsa 40 ce. Ra'ayina shi ne wannan mudu ba ya auna abin da ya fi muhimmanci, kuma aikin Janet Rowley ta Jami'ar Chicago a kan sankarar jini ya isa hujja.

A 1960, Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani gajeren kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar jiki, a jinin masu wani nau'in sankarar jini da ake kira CML, aka sa masa sunan Philadelphia. Kowa ya ɗauka wani yanki ne ya gutsure ya ɓace. A 1973 Rowley ta buga maƙala a mujallar Nature, sunanta kaɗai a kai, marasa lafiya 9 kacal. Ta nuna yankin bai ɓace ba, musanya aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22.

Yadda ake ganin abin ma ya kamata a sani, domin har yau da shi ake aiki. A ɗebo ɓargo, a rene shi awa 24 zuwa 48, a zuba sinadarin colcemid don ƙwayoyin su tsaya daidai lokacin rabuwa, a kumbura su da ruwan potassium chloride, a daskarar da su da methanol kashi 3 da acetic acid kashi 1, a ɗiga a kan gilashi, sannan sinadarin trypsin da rinin Giemsa su fito da zane-zanen da ke bambanta kowane kuromosom. Akan duba ƙwayoyi 20. Idan ɓargon ya daskare a sirinji ko ya daɗe a hanya, ba za a sami masu rabuwa ba. Idan trypsin ya yi yawa, zanen ya narke, sai a kasa bambance na 9 da na 11. Ita Rowley hotunan kuromosom ɗin take yankawa da almakashi tana jerawa a teburin cin abinci na gidanta.

To, duba tazarar. Sai a shekarun 1980 aka gano cewa musanyar tana haɗa ƙwayoyin gado biyu, BCR da ABL, su haifi furotin da ba ya daina umartar ƙwaya ta hayayyafa. A 1990 aka tabbatar a jikin ɓeraye cewa shi kaɗai ya isa ya kawo cutar. Imatinib, maganin da ke toshe aikin wannan furotin, wanda Brian Druker ya jagoranci gwajinsa, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2001. Shekara 28 ke nan bayan maƙalar Rowley. Awon darajar mujalla kuwa ambaton shekara 2 kawai yake ƙirgawa. Ina zai hango wannan?

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika faɗa ba. Idan bincike ya zama sanin kowa, sai a daina ambatonsa. Likitan da ya rubuta t(9;22), wato alamar musanyar kuromosom na 9 da na 22, a takardar sakamako ba ya kawo sunan Rowley, haka wanda ya rubuta t(8;21) ko t(15;17), wasu musanye-musanyen biyu da ita ce ta bayyana su a shekarun 1970. Tasirin yana ƙaruwa, lambar tana tsaye.

Ba cewa nake a watsar da alƙaluma ba. Amma mai son auna masanin sankarar jini ya ware maƙalun da sunansa ya zo farko ko ƙarshe, domin a manyan gwaje-gwajen asibiti sunaye kan kai gommai, kuma duk su kwashi ambato ɗaya. Ya cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Kada ya gwama lambar Google Scholar da ta Scopus, rumbunan da ke ƙirga ambaton maƙalu, ta farkon ta fi kwashe-kwashe. Sannan ya tambaya: aikin ya shiga rabe-raben cututtukan jini na Hukumar Lafiya ta Duniya? Ya canza gwajin da ake yi ko maganin da ake ba majiyyaci? Na Rowley ya yi: ba a fara ba mai CML imatinib sai an tabbatar da musanyar nan a jininsa ko ɓargonsa.