Ba gwanintar 'yan wasan ba ce ta ragu

A fadojin Yamai, duk lokacin da aka ɗauko wasan barkwanci na rediyo aka mai da shi talabijin, magana ɗaya ake ji: "Sun lalace, kuɗi sun shiga kansu." Jiya ma a unguwar Bukoki na ji wani dattijo yana faɗa, kofin shayi a hannunsa, ransa a ɓace. Na fahimci zafinsa, amma laifin ba na 'yan wasa ba ne.

A rediyo, kunne ne ke gina hoto. Idan ka ji muryar maigida mai rowa a Muryar Sahel, kai da kanka kake ɗora masa tumbi da tsohuwar hula, wataƙila ma fuskar kawunka. Ranar da ka gan shi a Tele Sahel, siriri, matashi, sai ka ji kamar an yi maka musanya. Alhali muryar ce dai, mutumin ne dai.

Aikin ma daban yake. Gaban makirfo ɗan wasa na iya riƙe takarda, mutum ɗaya ya yi murya biyu, a kaɗa cokali cikin kwano a ce ga kicin. Gaban kyamara kuwa sai ya haddace, sai an nemo gida da kaya da haske, a maimaita fitowa ɗaya har zancen ya huce. Wannan maimaicin ne ke cinye saurin ba-ni-in-ba-ka da muka saba yi wa dariya.

Ku lura da yaran da ba su taɓa jin na rediyon ba: su dariyarsu suke sha har da faɗuwa.