Karen gadi ya ba ni kunya

Jiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki, sai na ga karen gadinmu ya kwanta kusa da magen gidan yana lasar kunnenta. A hankali yake yi. Ya lasa bayan kunne, ya gangaro wuya, ya tsaya ya sunsuna, ya sake komawa. Ita kuwa ta lumshe ido ta miƙe wuya, ko gezau. Wallahi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, domin a gidan nan akwai ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, yau kwana 19 ke nan ko sannu ban ce masa ba. In mun yi kiciɓis a ƙofa sai in zaro waya in yi kamar ana kirana. Kuma a kan me? Wata magana ce ya faɗa a gaban mutane, wadda yanzu ko rabinta ba zan iya maimaitawa ba.

Kare ba a makaranta ya koyi wannan hali ba. Abu na farko da ɗan kwikwiyo yake sani a duniya harshen uwarsa ne. Ana haifarsa ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idon yake buɗewa. Uwar ce take lashe masa ƙazantar haihuwa, lasar ta motsa shi ya ja numfashi. A makonnin farko ko fitsari da kashi ba ya iya yi da kansa, sai ta lashi cikinsa da ƙarƙashin wutsiya. Da haka yake tashi, a wurinsa harshe abin kula da nasa ne. In ya daɗe gida ɗaya da mage ko zomo sai ya ɗauke su nasa, ya riƙa yi musu abin da aka yi masa.

Mu fa, 'yan uwa? Mu da aka goya, aka share wa majina, aka kwana ana jijjiga mu, me muke yi da namu harshen a cikin gida? A waje baki kamar zuma, kowa Alhaji, kowa ranka ya daɗe. Da mun shigo gida sai tsawa, sai habaici, sai gori, ko kuma shirun nan mai ciwo wanda ya fi zagi.

Wani abin ma ya fi taɓa ni. Kare kan lashi gefen bakin wanda ya fi shi ƙarfi, wato yana cewa ba faɗa na zo ba. Ni kuwa na zauna na harɗe ina jiran ƙanina ya zo ya durƙusa, wai ni ne babba. To karen nan ya ninka magen girma sau nawa? Amma shi ya sauke kai ya je.

Gaskiya ba kowace lasa ce ƙauna ba. Wani lokaci ɗanɗanon dattin kunne ne kawai yake jan sa. In kuma kuka ga ya nace wa wuri ɗaya, ku duba, sau da yawa miki ne ko ciwon kunne hancinsa ya jiyo kafin idonku ya gani. Ku raba su, ku kai wa likitan dabbobi, don yawan lasa yana ƙara dagula miki. Amma ku duba fa, dabba ta gane abokin zamanta ba shi da lafiya. Kai matarka ta kwana uku tana riƙe kugu ba ka lura ba. Ke yaron da kike riƙo ya daina dariya, ba ki tambaya ba. Mahaifi yana tari a ɗakinsa, mu muna nan muna yi wa baƙi addu'ar samun sauƙi a Facebook.

Kada wani ya ce na ce a rungumi kare. Hukuncin yawunsa duk mun sani, ba shi ya kawo ni ba. Rahamar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce an kasa 100 aka saukar da 1 duniya, ita na gani tana aiki a jikin kare, na lalubi zuciyata na rasa. An ba mu kwana 3, ni na kai 19, kuma kullum ina ɗaga hannu ina roƙon a yafe mini. Da wane ido?

Don Allah, in akwai wanda kuke gaba da shi a gida ɗaya, kada ku kwana. Don Allah kada ku kwana. Ni dai ga takalminsa can a bakin ƙofa, yana ciki. Bari in ajiye wayar nan in yi masa sallama, ku taya ni addu'a kada girman kai ya mayar da ni daga rabin hanya.