Me ya sa sai da tsakar rana 'yan mata za su buga?

Abin da ke ƙona min rai a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata da ɗiyata take bugawa shi ne lokacin wasa. Kullum ƙarfe ɗaya na rana ake saka su, ga zafin Afrilu, ƙasar fili tana ƙuna har ta cikin takalmi. La'asar kuwa, lokacin da gari ya yi sanyi mutane suka taso daga aiki, ta samari ce. Sannan a dawo ana cewa wai ba a kallon wasan mata. To wa zai fito a wannan rana?

Yaran nan sun yi watanni suna atisaye, wasu ma da ƙyar koci ya shawo kan iyayensu suka ƙyale su. Mu ke haɗa kuɗin mota da na ruwa, mu ɗinka musu dogon wando da hijabi. Amma duk ranar da samari suka buƙaci fili, sai a ɗage nasu ba sanarwa, bas ta juyo da su gida, wasu har da hawaye.

Kuma da masu tsara jadawalin nan aka yi ta murna a Yulin 2025, da Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, suka doke Maroko 3-2 a Rabat suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Flamingos ma, ƙungiyar 'yan matan Najeriya, sun zo na uku a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya a 2022. Don Allah a ba yaranmu ƙarfe huɗu da rabi, ko da sau biyu ne a mako.