Abin da Bajamushe ya faɗa a ɗakin shan kofi, namu ba ya iya faɗa wa likita

A kamfanin da nake aiki a nan yankin Ruhr na Jamus akwai ɗakin da muke hutun safe. Dogon tebur ne fari, injin kofi a kusurwa yana gurnani, kowa da ɗan akwatin robarsa na baƙin burodi da cuku da yankakken kokwamba. Maza da mata ake zama, har da shugabar sashenmu, dattijuwar da ta isa haihuwar yawancinmu. Ran nan wani yaro Bajamushe, bai kai talatin ba, mai tuƙa motar ɗaga kaya ta cikin sito, ya ajiye kofinsa ya ce daga gobe ba za mu gan shi ba, an gano sankara a ɗan marainansa na hagu, jibi za a cire. Haka ya faɗa, babu sakayawa. Ni da ba bakina maganar ta fito ba, ni ne na sunkuyar da kai. Dattijuwar nan kuwa sai ta tambaye shi ko an riga an ɗebi maniyyinsa an adana. Ya ce an yi jiya. Ta ce madalla, ta dafa kafaɗarsa.

Na san abin da za ku ce, Turawa ba su da kunya. Akwai abubuwan da nake gani a titi da bazara da ke sa ni kau da kai, ban musa ba. Amma wannan ba ya cikinsu. Wannan yaro rayuwarsa ya ceta.

A wajen wanka ya ji ɗan ƙulli mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa, babu zafi ko kaɗan, kuma haka cutar ta fi zuwa. Bai jira ya gani ko zai baje ba. Ya je wurin likitan mafitsara, aka yi masa sikanin, aka ɗebi jini a duba alamomi uku da ake kira AFP da hCG da LDH. Shi hCG ɗin nan shi ne sinadarin da ake nema a gwajin ciki na mata, har ta kai namiji mai irin wannan ƙari zai iya yin gwajin ciki ya nuna akwai. Ta mara ake yin tiyatar, ba ta jakar maraina ba, don kada a buɗe wa cutar sabuwar hanya. Hoton CT ya nuna ta taɓa kaluluwar bayan ciki, sai aka sa shi a kemo, wato jinyar sankara da magunguna masu ƙarfi, zagaye uku. Kowane zagaye kwana 21 ne, kwana biyar na farko ana ɗura masa magani ta ƙarin ruwa. Gashi ya zube, kunne ya riƙa yi masa ƙara, yatsu suka yi sanyi. Kamfani ya biya shi cikakken albashi na mako shida kamar yadda doka ta tanada, daga nan inshorar lafiya ta ɗauka. Ita ce kuma ta biya kuɗin adana maniyyin. Yanzu yana kan motarsa a sito.

Ba kullum haka abin yake ba ko a wurinsu. Kusan duk sankarar maraina daga ƙwayoyin da ke samar da maniyyi take tasowa, kashi biyu ce, seminoma da wadda ba ita ba, kuma samari ta fi kamawa, daga shekara 15 zuwa wajen 40. Kafin tsakiyar shekarun 1970, idan ta bazu zuwa huhu, tara cikin goma mutuwa suke yi. A 1965 wani masani a Jami'ar Jihar Michigan, Barnett Rosenberg, yana gwajin lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya, ya lura sun daina rarrabuwa, ashe wani sinadari ne da ya fito daga ƙarfen filatinam ɗin da ya yi amfani da shi. Daga nan aka samu maganin sankara mai suna cisplatin. A 1974 Dakta Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiana ya haɗa shi da wasu magunguna biyu ya ba samarin da aka riga aka fid da rai da su, ƙarin da ke huhunsu ya narke. Daga baya aka sauya ɗaya da etoposide, aka samu haɗin da ake bayarwa har yau tare da bleomycin. Yanzu a ƙasashen nan fiye da kashi 95 cikin ɗari suna warkewa, ko wadda ta bazu ma mafi yawa ana shawo kanta.

Kuma ai kun ga shaida da idonku, sai dai ranar ba mu ji daɗinta ba. Sébastien Haller, ɗan wasan Kodebuwa wanda ya ci Najeriya ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan ran 11 ga Fabrairun 2024, wannan cutar ce aka gano masa a Yulin 2022, yana zuwa ƙungiyar Borussia Dortmund ta nan yankin Ruhr ke nan. An yi masa tiyata, ya sha kemo, a Janairun 2023 ya dawo fili. Mutanen Dortmund sun bi jinyarsa a jarida ba tare da wani ya yi masa dariya ba.

To mu fa? Da na kira Yayana a gida na ba shi labari, ban kai ƙarshe ba ya katse ni: “Haba ƙanena, wannan ai ba maganar waya ba ce, yara na kusa.” Na ce, “Yaya, saboda yaran nake faɗa.” Ya ce Allah ya kare, ya shiga zancen farashin taki. Abin da ke ci mini rai shi ne, mai maganin ƙarfin maza zai kafa lasifika a bakin tasha ya yi ta zuba batsa gaban mata da yara, ba mai tanka masa. Amma saurayi ya ji tauri a gabansa, sai ya ɓoye. In ya yi ƙarfin hali ya faɗa wa aboki, a ce sanyi ne, ko gwaiwa, ko ƙaba, a haɗa shi da mai jiƙe-jiƙe. Sai ciki ya kumbura, tari ya ƙi tsayawa, sannan a ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa. Wace irin kunya ce wannan?

Gaskiya ne cutar ta fi yawa a Turawa, musamman Denmark da Norway, a baƙar fata ba ta kai haka ba. A nan Jamus maza wajen 4,000 ake ganowa duk shekara. Gaskiya ne kuma a gida mutum daga aljihunsa zai biya sikanin da jini da kemo, sai an sayar da gona ko fili. Ban raina wannan ba. Amma magungunan nan uku tsofaffi ne, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma wanda ya zo da wuri sau da yawa tiyata kaɗai ta ishe shi, sai a ci gaba da sa masa ido. Jinkiri ne ke ninka kuɗin. Akwai ma abin da ba ya cin ko kwabo: jaririn da aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba ya fi shiga haɗari in ya girma. Kaka mai wankan jego da wanzami mai kaciya su ne za su fara gani, in an gaya musu abin dubawa ne.

Abu ɗaya ya sosa mini zuciya da na je duba yaron. Ɗaki tsaf, gado mai maɓalli, taga tana kallon bishiyoyi, shi kaɗai da wayarsa. A gida da tuni an shimfiɗa tabarma a baranda, kulolin abinci sun jeru, ana ta “ya mai jiki?” Na yi kewar wannan ƙwarai. Sai dai da na tuna, ’yan dubiyar nan su ne za su koma unguwa da labari. Wane an cire masa ɗaya.

Nan ne nake ganin asalin matsalar take. Saurayinmu ba wuƙar likita yake tsoro ba, binciken aure yake tsoro. Ya san ranar da iyayen yarinya suka aiko a tambayi halinsa, wani zai rage murya ya ce an taɓa yi masa aiki a gaba, shi ke nan a mayar masa da kayansa. Alhali ɗan maraina ɗaya mai lafiya yakan wadatar ga haihuwa da zaman aure, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka sha kemo suna haihuwa bayan shekara ɗaya ko biyu. A 2024 Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure, mutane sun fara sabawa da zancen sikila da ciwon hanta a gaban waliyyai. Ina so in ga waliyyin da za a gaya wa manemin ’yarsa ya yi wannan jinya ya warke, ya ce a kawo takardar likita ya gani, sannan ya sa rana.