Giyar Beljiyam: a nan da takarda ake sayar da ita, a gida da rantsuwa

Kafin wani ya ɗaga gira, giyar mota nake nufi.

Wata safiyar Litinin cikin Janairu, sanyin Kolombus ta jihar Ohayo ya kai inda hanci ke daskarewa, na kwashi yara zan kai su makaranta. Na sa ribas, mota ta yi shiru kamar ba da ita nake ba. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta yi wani gum! ta zabura baya. Babbar 'yata ta leƙo daga kujerar tsakiya ta ce, "Baba, yau ma?" Wannan "yau ma" ɗin ya fi ƙarar giyar yi mini ciwo, domin wata biyu ke nan ina lallaɓa motar ina yi wa kaina ƙaryar cewa sanyi ne.

Tsohuwa ce, ƙirar 2006, mai kujeru bakwai da ƙofar da ake zugewa, irin waɗanda a gida ake lodin Abuja da su. Ta ci mil 212,000, wato sama da kilomita 340,000. A kan babban titin I-270 da ya kewaye garin, in za ta tashi daga giya biyu ta shiga uku sai inji ya kwarma ihu, allura ta haye sama, gudu kuwa bai ƙaru ba. Da na zaro sandar gwada man giya na goga a farar takarda, abin da ya kamata ya fito ja fes sai ya fito kamar ruwan shayin da ya kwana, yana warin ƙauri.

Wanda bai taɓa ganin cikin giya otomatik ba, abin da ya kamata ya sani shi ne mai ke yin aikin da ƙafar direba da hannunsa ke yi a manuwal. Famfo na tura man da ƙarfi ta wasu siraran hanyoyi, ƙananan bawul suna buɗewa suna rufewa bisa umarnin kwamfutar mota, man ya je ya matse wasu faya-fayai da kanikawanmu ke kira faiba. Idan faiba ta cinye, ko robobin da ke riƙe matsin man suka bushe, sai giya ta fara sulɓewa. Sulɓewa ta jawo zafi, zafi ya ƙona mai, ƙonannen mai ya ƙarasa cinye abin da ya rage. Duk ranar da ka ƙara tuƙa ta a haka, kuɗin gyaranka kake ƙarawa.

Na zaga wuri uku. A wurin dillalin motocin, bayan sun jona na'urarsu ta nuna lambar P0730, wadda ke nufin lissafin giyar bai yi daidai ba, suka miƙo mini takarda: dala 5,200, za a sa wadda aka sabunta a masana'anta. Motar gaba ɗayanta da kyar ta yi dala 3,000 a kasuwa. A wani shago da ba sa aikin komai sai giya, aka ce a warware tawa a sake gina ta a kan 3,400, da garantin wata 12 ko mil 12,000. Na uku shi ne wani dattijo Bahaushen zangon Kumasi, wanda ya koyi kanikanci a Suame Magazine, babbar unguwar kanikawa ta Kumasi, tun yana yaro, yanzu yana da ɗan gareji mai ƙofa biyu a arewacin gari. Kowa Masta yake ce masa. Da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfe nan da can ya ce, "Ɗan'uwa, kafin mu yi maganar giya bari mu ga ko gishiri ya bar maka mota." A nan gishiri ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara, tsatsa kuwa tana cin mota ta ƙasa ba ka sani ba. Tawa ta tsira da sauran ƙwarinta. Sai ya ce a nemo tsohuwar giya daga makabartar motoci a ɗora.

Na yi dariya. Na baro Kano, na tsallaka teku, ashe maganin dai na Ƙofar Ruwa ne, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano.

Daren nan na kira ƙanina, wanda ke jan irin wannan mota tsakanin Kano da Abuja. Da ya ji farashin farko sai da ya yi salati. Ya ce, "Yaya, da wannan kuɗin ai a nan giya nawa za ka saya?" Na tambaye shi giya nawa ya canza a shekara biyun nan. Ya ɗan yi shiru, ya ce biyu, kuma ta yanzun ma ta fara jinkirin shiga da safe.

To a nan maganata take. Ni da shi abu ɗaya muka saya: giyar da ta riga ta yi rayuwa a jikin motar wani. Bambancin shi ne tawa ta zo da tarihinta. Masta ya shiga shafin Car-Part, inda dubban makabartun motoci na Amurka da Kanada ke zuba jerin kayansu, ya sa shekara da irin injina, aka jero mana abin da ke kusa da mu. Kowace giya da adadin mil ɗin da ta ci, da darajar da aka ba ta, A ko B ko C. Muka zaɓi wata mai mil 98,000 a kan dala 750. Da muka je ɗauka, an rubuta lamba a jikinta da jan fenti, rasit kuma na ɗauke da lambar motar da aka ciro ta, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17. Na bincika lambar, na ga hoton motar: an daki bayanta ne ya lotse, gaba lafiya lau. Wannan shi ne abin da ake so, domin motar da haɗari ya kashe tana tafiya da ƙafarta har zuwa lokacin. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai lafiyayyen jiki da aka tsinta a juji, sai ka tambayi kanka me ya kai ta can. Garantin kwana 90 suka ba ni, na giyar kawai, ban da kuɗin aiki.

Ƙanina fa? Ya shiga kasuwa, an nuna masa giya biyar a jere a ƙasa, duk an wanke su da fetur suna ƙyalli. Mai kaya ya ce, "Wallahi Alhaji, wannan sabuwar sauka ce, ko sati biyu ba ta yi da fitowa daga kwantena ba." Aka zaro ɗan man da ya rage a ciki aka shinshina. Aka ba shi 'yan kwanaki na gwaji, aka shafa fenti a kan notuna don kada ya buɗe. Shi ke nan iliminsa a kanta. Kuma ban ce mai kayan maƙaryaci ne ba, shi ma galibi bai sani ba. A Ladipo ta Legas ya saro, wanda ya sayar masa daga kwantena ya kwasa, wanda ya cika kwantenar kuwa a irin wuraren da na je ya tattaro su, ko daga motocin haɗari da ake gwanjonsu a Copart da IAA. Muna ce mata Beljiyam ko da daga Ohayo ta taso. Lambar nan da aka rubuta da jan fenti, wadda ita ce rabin darajar kayan, a hanya take ɓacewa.

Akwai masu cewa laifin kanikawanmu ne, wai ba su iya gyaran otomatik ba sai canji. Ban yarda ba. Na ga yaro a Panteka ta Kaduna ya warware inji ya zube a kan buhu, ya mayar ba tare da noti ɗaya ya yi saura ba. Hannu akwai. Amma giya otomatik ba ta son abin da garejinmu ya fi yawa da shi, wato ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a bawul ta isa ta hana giya shiga. A shagon nan da suka ce mini 3,400 na leƙa ɗakin aikin: tebur na ƙarfe tsaf, ƙofa a rufe, mutum ɗaya da littafi a buɗe yana auna tazarar faya-fayai da ma'aunin da ke karanta abin da bai kai kaurin gashi ba. Ka ɗauko wannan aikin ka kai shi ƙarƙashin dalbejiya cikin hunturu, iska na kwaso ƙasa, ga mai mota a tsaye a kanka yana cewa da la'asar zai yi lodi. Sannan faibar da robobin da aka sayo ba wanda zai rantse maka na ainihi ne. In bakanike ya ce maka "Oga, a canza kawai," ba jahilci ba ne, ya san wanda za a zaga in ta dawo.

Lissafin ma a juye yake. A nan awa ɗaya ta bakanike ta wuce dala 100 a mafi yawan garejoji, don haka aikin da zai ci kwana biyu shi ne mai tsada, tsohon ƙarfe kuwa arha. A gida ƙarfen ne da tsada tunda da dala aka shigo da shi, gumin mutum kuma ba ya bakin komai. In da hankali ake bi, a Kano ya kamata sana'ar sake gina giya ta fi bunƙasa, ba a Kolombus ba. Duk mai jarin da zai gina ɗaki mai rufi da siminti, ya nemo kayan gyara na gaske, ya ɗauki yara uku masu natsuwa, ya kuma yarda ya rubuta garantin wata shida a takarda, ina ganin direbobin tasha kaɗai sun ishe shi ciniki.

Mu masu mota ma da namu. Waɗannan motocin iyali tun asali giyarsu a wahale take, domin gangar jiki ce mai nauyi a kan kayan ƙaramar mota. A 2004 kamfanin Honda ya yi kiranyen ɗaruruwan dubban motoci, har da motar iyalin nan Odyssey, saboda giya ta biyu na ɗaukar zafi fiye da kima. Kafin nan, giyar Ultradrive da Chrysler ya fito da ita a 1989 ta yi ƙaurin suna, kuma wani ɓangare na matsalar shi ne ana zuba mata man Dexron alhali nata man daban ne. Wannan a ƙasar da ake karanta littafin mota ke nan. Mu kuwa "jan mai" kawai muka sani, duk wanda ya zo hannu. Mu lafta mata mutum goma da buhunan masara, mu hau titin Zariya cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, lagireton da ke sanyaya man giyar ya toshe da laka tun bara. Shi ya sa na daina raina direbobin da ke cire otomatik su mayar da motar manuwal. Da ina ganin ƙauyanci ne. Yanzu na gane mutum ne ya dubi hanyarsa da bakanikensa da aljihunsa, ya zaɓi abin da in ya lalace a Tafa za a iya gyarawa a Tafa, in batir ya mutu kuma a tura.

Masta ya yi kwana biyu a kan tawa, ya karɓi dala 800. Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci ba ɗora giyar ba ne. Ya wanke bututun da ke kai mai lagireto har sai da ruwan wankin ya fito fari, ya ce in ba haka ba garin tsohuwar faiba da ya kwanta a ciki zai shiga sabuwar ya kashe ta cikin wata guda. Ya canza robobin bakin aksul, ya sa sabuwar matatar mai, ya zuba ainihin man da aka rubuta wa motar. Na tambayi ƙanina ko an taɓa wanke masa bututun nan a canji biyun da ya yi. Ya ce, "Wane bututu?"

Ranar da zan mayar da tsohuwar giyata makabartar don su dawo mini da dala 75 da suka riƙe a madadinta, na tsaya ina kallon ta a bayan motar Masta. Daga waje ba abin da ya same ta. In aka wanke ta, ta fi wadda na saya kyan gani. Na ari alƙalamin fentinsa na rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe, da Hausa: TA MUTU, KADA KA SAYA. Masta ya karanta, ya kaɗa kai ya ce, "Ɗan'uwa, fetur na wanke wannan."